Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Ilimi Na Jihohin Arewa: A Buɗe Wa Yara Ɗakin Kwamfuta

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da fama da jama'a. Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati ta je-ka-ka-dawo, a garin da wutar lantarki kan yi mako guda ba ta leƙo ba. Na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne domin maganar da ke tafe da ni ta fi ƙarfin makarantarmu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in fara da wata ɗalibata. Duk ajin babu mai kama ƙafarta a lissafi, har takan tsayar da ni idan na yi kuskure a kan allo. Ta je ta rubuta jarrabawar shiga jami'a ta dawo, na tambaye ta yadda aka ƙare, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, tambayoyin ba su ba ni wahala ba. Hannuna ne ya riƙa rawa." Ashe ranar ce rana ta farko a rayuwarta da ta zauna gaban kwamfuta ita kaɗai. Ta ce ta daɗe tana kallon gilashin ba ta taɓa komai ba, don tsoron kada ta danna wani wuri ta miƙa jarrabawar tun ba ta amsa ko ɗaya ba. Na kusa da ita kuwa, yaro daga wata makarantar kuɗi, har ya yi nisa. Ba na ɗora wa kowa laifin wannan sai mu da muka koyar da ita shekara shida. A makarantarmu akwai ɗakin kwamfuta, kuma duk tsawon shekarun nan ta gabansa take wucewa kullum, yana garƙame da kwaɗo.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin yadda kiɗan ya sauya. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Duk wanda ya raba zai ga kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Yaron da ya ɓata minti goma yana lalube, ya yi asarar lokacin tambaya 15 ke nan, tun kafin a zo ga abin da ya sani da wanda bai sani ba. A gaskiya hukumar ta rage wahalar, domin ta tsara yadda ɗalibi zai iya gama jarrabawar da 'yan haruffa kawai ba tare da ya taɓa linzamin kwamfuta ba: A, B, C da D don zaɓen amsa, N don matsawa gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Abu ne da za a koya wa yaro cikin darasi ɗaya. Amma ina zai koya, idan babu inda zai ɗora yatsunsa?

Kuma abin bai tsaya a JAMB ba. A farkon 2024 hukumar WAEC ta gudanar da jarrabawarta ta farko ta kwamfuta ga masu zaman kansu, waɗanda ba ta hannun makaranta suke yin rajista ba, sannan a watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta. Ana iya yin gardama a kan lokacin da ya dace, ana kuma yi, amma babu mai tababar inda aka dosa. A jarrabawar JAMB ta 2025, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ba zan ce kwamfuta ce ta kayar da su duka ba. Da na faɗi haka na yi ƙarya, domin karatun kansa ya yi rauni. Abin da nake cewa shi ne ɗan talakan ƙauye jarrabawa biyu yake zama a kujera ɗaya, ta darasi da ta na'ura, alhali ɗan mai hali guda ɗaya yake yi.

To, me ake yi a kai yanzu? Abin da na fi gani shi ne, mako biyu ko uku kafin jarrabawa, iyayen da suke da ɗan abin hannu sukan biya wa 'ya'yansu kuɗi a shagon kwamfuta na cikin gari su je su "koyi dannawa". Waɗanda ba su da shi sai addu'a. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani kuskure da mu malamai muke yi da kyakkyawar niyya, ni ma na yi shi, shi ya sa zan daɗe a kansa. Lokacin annobar korona, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, na buɗe wa 'yan ajina zaure a WhatsApp ina tura musu darasi da jinga. Na riƙa jin daɗi ina ganin na tafi da zamani. Da aka dawo makaranta na zauna na duba sunayen waɗanda suka riƙa amsawa, sai jikina ya yi sanyi. Su ne dai 'yan tsirarun nan da tun asali suke gaba: ɗan ma'aikaci, ɗan mai shago a bakin kasuwa, wanda yayansa ke jami'a. Sauran ko labari ba su ji ba. Wata shida na yi ina ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, ina zaton taimako nake yi. Darussan da jihohi suka riƙa sakawa a gidajen rediyo a wancan lokaci sun fi zauren nawa isa ga yara nesa ba kusa ba, domin rediyo ko a gona ana rataye da ita.

Idan aka ce "ai yanzu kowane gida akwai waya", sai a tambaya: wace irin waya, kuma a hannun wa take? A gidajen ɗalibaina da yawa ƙaramar waya ce mai tocila, ta kira da amsawa. Inda ake da babbar, ta maigida ce, da ita yake fita tun safe sai bayan isha'i. Idan ya dawo babu caji, sai an kai shagon caji an biya. Idan da caji babu data, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Idan duk waɗannan sun haɗu, sai a hau tudu neman sabis. Kada mu manta a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, an kuma rufe a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, har tsawon makonni. Duk karatun da aka rataya a wuyan intanet a irin waɗannan wurare, ranar da aka kashe layi ya mutu.

Sai kuma maganar 'ya mace, wadda ba a cika faɗa a taruka ba. Namiji yakan ari wayar aboki, ya zauna a dandali da dare ya duba abin da zai duba. Yarinya fa? Gidaje da yawa ba sa yarda budurwa ta riƙe babbar waya, kuma ba zan tsaya ina zargin iyaye ba, suna da dalilansu, wasu ma masu ƙarfi ne. Amma sakamakon shi ne duk jingar da malami ya tura ta waya, ya cire yawancin 'yan matan ajinsa daga lissafi bai sani ba. Uban da ba zai ba 'yarsa waya a gida ba, ba ya hana ta zama gaban kwamfuta a makaranta da rana tsaka a gaban malama. Wannan ƙofar ita kaɗai ce a buɗe gare ta. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Borno da Filato, yana da sashen koya wa 'yan mata amfani da na'ura. A tabbata kayan da shirin ya kawo suna hannun 'yan matan a lokacin darasi.

Abin da nake roƙo ke nan a taƙaice, ranku ya daɗe: duk wata fasahar da za a kawo domin ɗalibai, a gina ta yadda za ta yi aiki cikin harabar makaranta, cikin awannin makaranta, ko da intanet ko babu. Gida ba ɗaya ba ne, amma aji ɗaya ne.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi. Ni ma ban zo neman a raba wa kowane yaro kwamfuta ba. An gwada wannan a duniya. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda aka faro daga Amurka, har a Najeriya an gwada shi a 2007 a wata firamare da ke Galadima a Abuja, bai kuma yaɗu ba. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubbai ta raba a makarantun karkara, amma da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincikensa a 2012, sai aka ga makin yaran a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Yaran dai sun iya sarrafa na'urar, wannan kam an samu. Darasi biyu na ɗauka daga nan. Na farko, yaro ba ya wahalar koyon na'ura, a sakar masa ita kawai. Matsalar ɗalibata ta rawar hannu, mako kaɗan ya isa ya kawar da ita. Na biyu, na'ura ba ta koyar da lissafi ita kaɗai, sai da malamin da ya san abin da zai yi da ita.

Ku zo mu yi lissafi, tunda sana'ata ce. Makaranta mai ɗalibai 600, a ba ta kwamfutar tafi-da-gidanka guda 20. A zaunar da yara biyu a kowace ɗaya, 40 ke nan a zama guda, rukuni 15 ya ɗauke makarantar duka. Idan ɗakin yana buɗe darasi shida a rana, kwana biyar, an samu zama 30 a mako. Kowane yaro zai shiga sau biyu duk mako, tun daga aji ɗaya har ya gama. Yaron da ya yi shekara shida a haka, wace jarrabawar kwamfuta ce za ta razana shi? Kwamfuta 20 ba ta fi ƙarfin kowace jiha ba. Makarantu da yawa ma suna da su, an kawo ta hannun Asusun USPF na gwamnati mai kai sadarwa karkara, ko wani ɗan majalisa ko tsofaffin ɗalibai. Abin da babu shi ne wuta, da mai kula, da gurbi a jadawalin darasi, da kuma ƙarfin halin buɗe ƙofar.

Ƙarfin hali na ce, kuma da gangan. Me ya sa shugabannin makarantu suke kulle ɗakin? Kada a yi saurin cewa mugunta ce. Tsoro ne. An damƙa wa mutum kaya ya sa hannu, ya san ranar da masu duba makarantu suka zo ƙirgawa za su yi, idan ɗaya ta lalace shi za a tuhuma. To wane mai hankali ne zai saki yara 600 a kan abin da zai jawo masa takardar tuhuma? Gara ya lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta yi ta sauka a kai, idan baƙi sun zo a share a ɗauki hoto. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, sai da batiran suka kumbura a cikin kwalayensu ba a taɓa kunna su ba, kuma a takarda komai lafiya lau, lamba ta cika. Wannan gyaransa a hannunku yake, kuma ba ya cin wani kuɗi mai yawa. Ku sauya tambayar da mai dubawa zai yi. Ya daina tambayar "guda nawa ne?" kawai, ya nemi rajistar shiga ɗakin, ya kira yara biyar daga aji biyu da kansa, cikinsu har da mata, ya ce kowa ya kunna ya rubuta sunansa. Ku kuma fitar da takarda a rubuce cewa na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi yana koyo ba laifin shugaban makaranta ba ce, a ware ɗan kuɗin gyara duk zango.

Wuta kuwa, a daina dogara da janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, makarantar da ke tara kuɗin alli da ƙyar ba za ta iya sayen mai kullum ba. Rana ce Allah ya hore mana, har ta yi yawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cin wuta kamar tsofaffin manyan nan na kan tebur, ga ta da batirinta, kuma karatu da rana ake yi, don haka sola madaidaiciya ta wadatar. Sai dai a sa ƙarfe a taga, a biya maigadi haƙƙinsa a kan lokaci, a kuma sa kwamitin al'umma mai kula da makarantar da mai gari a cikin maganar tun farko. Abin da mutanen gari suka ɗauka nasu ne, ɓarawo yakan yi tunani biyu kafin ya taɓa.

Game da rashin intanet, an riga an yi mana aikin. Akwai manhajar Kolibri, kyauta ce, an ƙirƙire ta ne musamman don wuraren da babu intanet: a ɗora darussa sau ɗaya a kan kwamfuta guda, sauran su riƙa ɗauka daga gare ta a cikin ɗakin, malami kuma yana ganin inda kowane yaro ya tsaya. Akwai Kiwix da ke ɗauke da Wikipedia dungurungum ba tare da data ba, har da ta Hausa. 'Yar na'urar Raspberry Pi, wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba, tana iya riƙe wa aji guda irin wannan rumbu. Ga kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft, mai darussa bisa manhajar karatunmu, wasu da Hausa. Jihar Osun ma, da ta raba wa ɗaliban babbar sakandare allunan kwamfuta na Opon Imo a 2013, hikimar da ke ciki ita ce littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna cikin allon tun daga farko, ba sai an nemi sabis ba.

Kai, mu da muke ganin yadda fim yake zagaye gari, bai kamata a koya mana wannan ba. A kowace tasha akwai mai tura fina-finai a katin memori, daga nan kuma waya ta ba waya ta Xender ko Bluetooth, babu ko sisin data. Hanyar da fim ke bi ya kai rugar da babu sabis, darasin kimiyya ma zai iya bi. Ma'aikatunku suna da ƙwararrun malamai. A ɗauki bayaninsu da murya da hoto, da Turanci da Hausa, gajere-gajere, a bai wa kowace makaranta a katin memori. Sautin murya ko ƙaramar waya tana kunnawa. Sai dai wannan ya zama ƙari ga mai iko. Kada a yarda wani malami ya ba da maki a kan aikin da sai da waya ko data za a yi shi a gida. Ina roƙon wannan ya zama doka a rubuce, domin ni da na aikata na san illarsa.

A cikin ɗakin ma akwai rashin adalcin da sai malami mai lura yake gani. Idan ka zaunar da yaro biyu a kwamfuta ɗaya, wanda ya saba da ita a gida zai janye ta gabansa, ɗayan ya koma ɗan kallo, ya yi zango guda bai danna ko harafi ba, kuma a rajista an rubuta ya halarta. Dabarar da ta yi mini aiki mai sauƙi ce: wanda ya iya ya naɗe hannunsa ya yi bayani da baki, wanda bai iya ba shi ke dannawa. Da farko masu iyawar sun yi ta ƙorafi, daga baya abin ya zame musu abin alfahari. A makarantun da ake haɗa maza da mata kuma, a ware wa matan nasu lokacin, in ba haka ba samarin za su mamaye kujerun su bar su a tsaye a baya. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ya kamata horon malamai ya ƙunsa. Taron bitar kwana biyu a otal, a raba jaka da alawus a watse, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Mu kanmu malaman, da yawanmu kunya ce ke hana mu cewa ba mu iya ba, muna gudun ɗalibi ya gan mu muna lalube. A ba mu awa ɗaya a mako a ɗakin nan mu kaɗai, tare da abokin aikinmu da ya iya, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo. Kuma don Allah, idan an horar da malami a kan wannan aiki, kada a ɗauke shi a mayar da shi ofis a birni bayan wata uku.

Ba na mantawa da cewa akwai makarantun da yara ke zaune a ƙasa, rufi ya yaye, malamin Turanci ɗaya ne ga aji tara. Wani zai ce a irin wannan hali maganar kwamfuta almubazzaranci ne. Da jarrabawar shiga jami'a ba ta koma kan kwamfuta ba, da wataƙila na yarda da shi. Amma yaron da ke zaune a ƙasan nan, shi ma ranar jarrabawa kujera ɗaya za a ba shi da ɗan makarantar kuɗi, agogo ɗaya za a kunna musu.

Ɗalibar tawa ta sake zama a shekarar da ta biyo baya. Kafin nan na roƙi shugabanmu mabuɗin ɗakin, na yi alƙawarin duk abin da ya lalace a kaina. Cikin kwamfutocin da muka tarar, bakwai ne suka tashi. Da su muka yi ta yi bayan an tashi daga makaranta, muna haɗa kuɗin mai da wasu malamai biyu. Ta samu makin da take nema, yanzu tana karatu. Amma mabuɗin nan roƙonsa na yi, kuma gobe idan aka sauya shugaba sai na sake roƙo. Shi ya sa na rubuto muku. Zangon karatu mai zuwa, ina roƙon kowannenku ya zaɓi makaranta ɗaya ta ƙauye a jiharsa, ya je ba tare da sanarwa ba, ya ce a kai shi ɗakin kwamfuta, ya ga minti nawa za a ɗauka kafin a samo mai riƙe da mabuɗin.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Naku,
Wani malamin lissafi a sakandaren gwamnati.